Kundin Aiki: Maƙalar Mako-Mako a Kan Ƙofofin Kano

Lahadi, 8 ga Janairu, 2023

Na ɗauki alkawari cewa daga wannan wata har zuwa ƙarshen shekara, idan Allah Ya ba ni rai da lafiya, zan riƙa fitar da maƙala ɗaya kowace Juma'a a kan ganuwar Kano da ƙofofinta da unguwannin da ke jingine da su. Wannan kundi kuwa na buɗe shi ne domin in riƙa ajiye labarin aikin kansa, wato inda lokaci yake tafiya, da inda abin faɗa yake fitowa, da abin da yake tsayar da alƙalami idan ya tsaya. Na ga mutane masu basira da yawa sun fara rubutu na kai-a-kai da zafinsu, bayan 'yan makonni kuma a neme su a rasa, idan aka tambaye su dalili sai wasu su ce lokaci ne babu, wasu kuma su ce ilhama ce ta ɗauke. Ina so in ga da idona wanne ne daga cikin biyun yake kashe irin wannan aiki.

Ƙofofin da aka saba lissafawa goma sha biyar ne: Nasarawa, Sabuwar Ƙofa, Ɗan'agundi, Na'isa, Gadon Ƙaya, Famfo, Dukawuya, Kabuga, Kansakali, Waika, Dawanau, Ruwa, Mazugal, Wambai da Mata. Kowace za ta ɗauki fiye da mako guda. Tun da aikin koyarwa ya cinye mini ranakun mako, na keɓe wa rubutu lokacin da ke tsakanin dawowa daga sallar asuba da tashin yara domin shirin makaranta, ranar Asabar kuma ta zama ta fita zuwa ƙofofin.

Lahadi, 22 ga Janairu, 2023

Maƙalun farko sun fito ba tare da wata wahala ba, duk da sanyin hunturu da ke sa yatsu su ƙage da asuba. Na fara da asalin ganuwar kamar yadda ya zo a Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908: Sarki Gijimasu, wanda aka ƙiyasta mulkinsa daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ginin, aka yanka shanu ɗari a ranar da aka soma aiki, ɗansa Tsaraki kuma ya kammala. Daga nan na bi faɗaɗawar da Muhammadu Rumfa ya yi tsakanin 1463 da 1499, sannan wadda Wambai Giwa ya jagoranta a zamanin Muhammadu Nazaki a farkon ƙarni na 17, wadda ta shigo da yankin Gadon Ƙaya da Dukawuya da Kabuga cikin birni.

Sauƙin da aka samu bai kamata ya ruɗe ni ba. Duk abin da na rubuta zuwa yanzu abu ne da na daɗe da karantawa, na koyar da shi, na yi muhawara a kansa da abokai, saboda haka jimlolin a shirye suke tun kafin in zauna. Wannan ajiya tana da iyaka, kuma ina hasashen ba za ta kai ni watan azumi ba.

Lahadi, 5 ga Fabrairu, 2023

Juma'ar da ta wuce ta faɗo a ranar 3 ga Fabrairu, ranar da ta cika shekara 120 cif da shigar sojojin Ingila birnin Kano a ƙarƙashin Kanar Morland a 1903, don haka na tsallake jerin da na tsara na rubuta a kan Ƙofar Kabuga. Sarki Alu ba ya gari a lokacin, ya tafi Sakkwato da manyan mayaƙansa. Maharan sun fara gwada Ƙofar Dukawuya ba su samu yadda suke so ba, sai suka karkata zuwa Kabuga, ta nan suka fasa suka shiga. Bayan 'yan makonni aka kashe Waziri Ahmadu a Kwatarkwashi, daga baya aka naɗa Abbas sarki.

Waɗannan duk na san su kafin in fita. Abin da ya ba maƙalar rai shi ne tsayuwar da na yi a wurin ranar Asabar ɗin da ta gabace ta, ina kallon motocin da ke bin hanyar Gwarzo da ɗaliban Jami'ar Bayero da ke tsallaka titi, ina ƙoƙarin gane ta wace fuska mai tsaron ƙofa zai hango rundunar da ke tahowa daga hanyar Zariya. Sai na lura cewa idan mutum bai tsaya a wurin ba, ba zai fahimci kusancin da ke tsakanin Dukawuya da Kabuga ba, balle ya gane yadda karkatar ta kasance abu mai sauri ga maharan kuma mai firgitarwa ga masu tsaro. Da na dawo gida, sakin layi na farko ya riga ya haɗu a kaina tun a cikin A Daidaita Sahu.

Na kuma fahimci cewa kalanda kanta mataimakiya ce. Ranar da wani abu ya faru tana ba marubuci dalilin da zai sa ya rubuta a wannan mako takamaimai, tana kuma ba mai karatu dalilin da zai sa ya karanta yanzu. Na zauna na jera sauran ranakun shekara da ke da alaƙa da ƙofofin, musamman hawan Sallah guda biyu da Takutaha, lokacin da jama'a ke hawa Dala.

Litinin, 27 ga Fabrairu, 2023

Wannan wata ya matse kowa. Ƙarancin takardun kuɗi da ya biyo bayan sauya fasalin naira ya sa safiyar Asabar, wadda na keɓe wa fita, ta koma ta tsayuwa a layin neman kuɗin cefane, Asabar ɗin shekaranjiya kuma aka yi zaɓen shugaban ƙasa, ba a zirga-zirga. Lokacin asuba dai yana nan, babu wanda ya taɓa shi, wuta kuma ko an ɗauke akwai fitila da takarda.

Duk da haka maƙalar Ƙofar Waika ta ƙi fitowa. Na zauna mata a kan lokaci kowace safiya, hankalina a kwance, jikina lafiya, amma bayan jimla uku sai in ga ina maimaita abin da na riga na faɗa a kan Gijimasu da wasu kalmomi daban. Da wani ne ya same ni a wannan hali zai ce ilhama ta gudu. Ni abin da na gani ya fi haka sauƙin bayani: ban taka Waika ba tun da na fara aikin, ban yi magana da kowa daga unguwar ba, ba ni da ko abu ɗaya da na gani ko na ji wanda mai karatu ba zai samu a littafi ba. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, ni kuwa na je bakin rijiyar da ƙishirwa. Na ɗage Waika, na cike gurbin da taƙaitaccen bayani a kan yadda ake yin tubali da yadda kududdufan birni suka samo asali daga haƙar ƙasar gini, abin da na sani tun ina yaro a cikin gari.

Talata, 14 ga Maris, 2023

Asabar ɗin da ta wuce na yi ta gaba ɗaya a marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, a ƙarshen zamanin Rumfa. Rijiyoyin rini da yawa sun bushe an bar su, kaɗan ne ake aiki a cikinsu. Na gaida wani dattijo da na tarar yana tsoma yadi, na faɗa masa abin da ya kawo ni.

Na ce, "Baba, so nake in rubuta tarihin wannan wuri."

Ya ce, "To Malam, samu wuri ka zauna tukuna. Wanda yake tsaye ba a ba shi labari."

Na zauna har aka kira azahar, kuma rabin lokacin babu wanda ya ce da ni komai. Na ga yadda ake tsoma yadin a ɗago shi ya sha iska, ya fito da ɗan kore-kore sannan ya juye shuɗi a gaban idona, a sake mayar da shi, haka har ya kai duhun da ake so. Na ji yadda ake haɗa baba da toka a bar su su nuna a cikin rijiya kafin a fara rini. Na leƙa wajen masu bugu, inda sautin sandunansu a kan gungumen itace yake tafiya bi da bi ba tare da ɗaya ya shiga na ɗaya ba. Sai da yamma ta gabato dattijon ya fara magana da kansa, ya ba ni labarin yadda yadi ɗan waje da rinin kanti suka janye masu saye, da yadda yaran gidan marina suke barin sana'ar su kama wata.

Daga wannan wuni guda na samu abin da zai ishe ni maƙala uku. Ɗaya a kan aikin rini kansa, ɗaya a kan fataucin da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya tarar lokacin da ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa rinannen yadin Kano yana kaiwa har Timbuktu da Gat da Murzuk da Tarabulus, ta uku kuma a kan turkuɗin Kura da Buzayen Agadas ke naɗawa har yau. Ta farkon na rubuta ta a zama biyu na asuba, ba tare da na tsaya neman kalma ba.

A nan ne lissafin lokacin ya fara bayyana gare ni. Zaman rubutu shi ne ƙaramin kaso na aikin, kuma shi ne wanda ya fi sauƙin karewa, tun da ba mai neman mutum da asuba. Babban kason yana wajen tafiya da gaisuwa da zama da jira, sannan da komawa littattafai domin a tantance abin da aka ji. Wannan kason ne hidimomin rayuwa suke fara cinyewa, domin biki da jana'iza da layin banki duk da rana suke zuwa. Idan ya tafi, mutum ba ya jin rashinsa nan take, sai bayan mako biyu ko uku idan ya zauna gaban farar takarda, a lokacin kuwa ya manta musabbabin, sai ya ɗora wa ilhama laifi. Na sayi ƙaramin littafin aljihu, na kuma yanke cewa duk abin da na ji ko na gani zan rubuta shi a wurin kafin in tashi, ko da a gaban mai maganar ne, bayan na nemi izininsa.

Lahadi, 2 ga Afrilu, 2023

An ɗauki azumi ranar Alhamis, 23 ga Maris, a tsakiyar zafin bazara. Lokacin bayan asuba ya daina amfani, domin bayan sahur da sallah jiki barci yake nema kafin a tafi aiki, yamma kuma ta tafsiri ce da shirin buɗa-baki. Na mayar da rubutun zuwa bayan tarawihi, na kuma rage tsawon maƙalar zuwa kusan rabi, na sanar da masu karatu tun a ta farko. A ganina gajeriyar maƙala da ta zo a ranarta ta fi doguwa da ta zo bayan Sallah, domin wanda ya saba samun abu kowace Juma'a, idan ya rasa sau biyu a jere, ba lallai ya sake dubawa a karo na uku ba. Abin da na tara a marina shi nake ci har yanzu.

Lahadi, 30 ga Afrilu, 2023

Ƙaramar Sallah ta faɗo ranar Juma'a, 21 ga wata, wato ranar fitar maƙala, kuma na riga na shirya ta tun cikin goman ƙarshe. Ta yi magana ne a kan matsayin ƙofofi a hawan Sallah: filin Idi yana wajen Ƙofar Mata, Hawan Nasarawa kuma yana fitar da sarki daga birni zuwa gidansa na Nasarawa da gidan gwamnati, sannan ya zaga ya dawo. Ga mai kallon hawa, ƙofar ba kufai ba ce, iyaka ce da har yanzu take da ma'ana tsakanin cikin gari da wajensa, ko da gadar sama ta bi ta kusa da ita kamar yadda take a Ƙofar Nasarawa.

Wani abokin aikina ya ba ni shawarar in riƙa rubuta maƙaloli huɗu ko biyar a lokacin hutu in ajiye, in riƙa sakinsu ɗaya bayan ɗaya. Na yi tunani a kai sosai. Ajiyar maƙala ɗaya ko biyu domin ranar rashin lafiya ko rasuwa abu ne da hankali ya yarda da shi, kuma na fara yi. Amma ban yarda in mayar da aikin gaba ɗaya haka ba, saboda na lura cewa maƙalar da aka rubuta kwana biyu bayan an dawo daga wuri tana ɗauke da abubuwan da ba sa jure ajiya, irin su yadda mutum ya yi shiru kafin ya amsa tambaya, ko abin da ake sayarwa a gindin ƙofar a wannan makon. Abin da ya kamata a tara da yawa shi ne bayanan littafin aljihu. Ita maƙalar gara a rubuta ta kusa da ranarta.

Lahadi, 4 ga Yuni, 2023

Tun da aka sanar da cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, farashin lita ya ninka fiye da sau biyu, kuɗin abin hawa ma ya bi shi. Ƙofofin da suka rage mini yawancinsu na arewa da yamma ne, Kansakali da Waika da Dawanau da Ruwa, kuma su ne suka fi nisa da inda nake zaune. Na sake tsarin fita: maimakon ƙofa ɗaya kowace Asabar, zan riƙa sauka a ɗaya in taka da ƙafa zuwa ta gaba da ita, ina bin layin ganuwar inda ya rage. Jiya na gwada daga Mazugal zuwa Ƙofar Ruwa, inda kasuwar kayan gini da kayan gyaran mota ta mamaye ko'ina. Tafiyar ƙafar ta nuna mini abin da ban taɓa gani daga cikin mota ba, wato wuraren da ganuwar ta ɓace ɗungurungum amma layin gidaje yana bin lanƙwasarta.

Lahadi, 23 ga Yuli, 2023

Damina ta kankama, kuma ita ce lokacin da ganuwar ta fi shan wahala. Ginin ƙasa yana rayuwa ne da yaɓe, a da kuma gyaran ganuwa aikin gayya ne da ake yi bayan ruwa ya ɗauke, ga kowace ƙofa da Sarkin Ƙofa mai kula da buɗewa da rufewa. Yau ruwa yana zaizaye ta daga sama, masu ɗiban ƙasa suna cin ta daga gindi, gine-gine kuma suna matsowa daga ɓangarorin biyu. An saka ganuwar da wuraren da ke da alaƙa da ita cikin jerin share fage na wuraren tarihi na UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, tun 2007, amma bayan shekara uku, a 2010, aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa domin faɗaɗa titi, aka gina sabuwa a madadinta. Wanda yake son ganin tsofaffin ƙyamaren wasu ƙofofin sai ya je Gidan Makama, gidan adana kayan tarihi na Kano.

Na tsaya a wani sashe tsakanin Gadon Ƙaya da Na'isa na ga sabon rami a jikin ganuwar da shatin shebur a cikinsa, raina ya ɓaci ƙwarai. A daren na rubuta maƙala cikakkiya a zama ɗaya, mafi saurin fitowa tun da na fara. Ɓacin rai yana kawo magana da yawa kuma cikin hanzari, shi ya sa marubuta da dama suke dogara da shi. Amma na bar ta ta kwana biyu kafin in sake karantawa, kuma da na karanta sai na cire duk jimlar da ke zargin wani da abin da ban gani da idona ba, na bar bayanin ramin da faɗinsa da wurin da yake, na ƙara bayanin yadda ake gyaran ginin ƙasa da abin da ake buƙata. Wanda ya ɗebi ƙasar nan mai yiwuwa ɗakinsa ne ruwa ya rushe, kuma maƙalar da ba ta yi la'akari da wannan ba ba za ta sa kowa ya daina ɗiba ba. Ina son ganuwar nan, ina kuma son mutanen da ke zaune a gindinta, dole rubutun ya ɗauki duka biyun.

Asabar, 19 ga Agusta, 2023

Waika ta fito jiya, bayan wata shida da ɗage ta. Na je unguwar a ƙarshen Yuli, na zauna da wasu dattawa a ƙofar masallaci bayan la'asar, ɗaya daga cikinsu ya kira jikansa ya raka ni ya nuna mini inda tsohon layin ganuwar ya bi ta bayan gidajensu. Rubutun bai ɗauke ni fiye da lokacin da na saba ba.

Abin da ya rage shi ne Kansakali da Dawanau da Famfo da Sabuwar Ƙofa, sai kuma Wambai, wadda kasuwarta kaɗai za ta ci makonni. Sabuwar Ƙofa da Famfo za su buƙaci wani irin shiri daban, domin ƙofofi ne na zamanin Turawa, don haka labarinsu ya fi yawa a takardun hukuma fiye da bakin dattawa, kuma samun takardun yana nufin fita a ranar aiki. Makarantu suna hutu har zuwa Satumba, saboda haka zan yi amfani da sauran kwanakin hutun in shiga ɗakunan karatu da safe, in kwafo abin da zan iya, kafin a koma aji lokacin ya sake komawa asuba da Asabar kawai. Ranar Litinin zan fara da zamanin Sarki Abdullahi Bayero, 1926 zuwa 1953.